Kwallin Matar Soja

'Yan matan yanzu in sun shigo gaishe ni, idonsu ba ya wuce tandun da ke rataye a ƙusa kusa da gadona. Wata jikata har cewa ta yi in bari ta sayo mini kwallin kanti mai madubi a murfi, wai wannan tsohuwar fatar ta gaji. Na ce ta ƙyale shi, ita ma in ta kai shekarunsa sai an lallaɓa ta. Tandun ba nawa ba ne ma tun asali, na surukata ne ta fari. Yadda aka yi ya zo hannuna nake so in rubuta tun idona yana ganin layi.

Daga Roni aka kawo ni Kazaure, 'yan shekaru bayan an ba mu mulkin kai. Mijina soja ne, kuma shi ne auta a gidansu. Sunansa ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Gidan babba ne. Akwai Inna, mahaifiyarsa, a ɗakinta na tsakiyar gida. Akwai Yaya, babban wansa, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi da matarsa da 'ya'yansu a sashen gabas. Ni kuma aka ba ni ɗaki kusa da rijiya, inda ko tari na yi sai kowa ya ji.

Allah ya yi ni da son kwalliya, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun a gida Iya, wadda ta haife ni, ta koya mini niƙa dutsen kwalli har ya yi laushin da ba zai sa ido ƙaiƙayi ba, da goga furen taba a haƙori a bi shi da goro har ya yi ja, da jan layin katambiri siriri a goshi. In na zura hannu a zunguru don lalle, ko gobara ake ba na cirewa sai ya kama. Da na yi aure sai maigidan ya ƙara mini da na zamani, ya zo mini da hoda a gwangwani da jan baki daga Kaduna. Ranar da na fara shafa jan bakin na je gaida Inna, ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce wa matar Yaya, “Magen wa ce wannan ta gama da ɓera?” Ita Inna tun da mijinta ya rasu ko kwalli ba ta ƙara sawa ba. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, in ta yi shiru gidan duka sai ya yi.

Wata rana kafin yaƙi ya zo hutu ba sanarwa. Ya tarar da ni a madafi ina tuyar ƙuliƙuli, hayaƙi ya cika mini ido, ɗankwali a karkace, fuska duk mai da toka. Ya tsaya a kaina da kakinsa, ya ƙame, ya sara mini, ya ce, “Sannu da aiki, baiwar Allah. Don Allah ko kin ga inda amaryar gidan nan ta shiga?” Gidan ya kwashe da dariya, har Inna sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kukan haushi, na rantse a raina ba zai ƙara samuna haka ba. Da yaƙin basasa ya tashi aka kwashe su zuwa Kudu, abin da ya faɗa mini a bakin ƙofa ke nan: “Soja ba ya aiko da ranar zuwansa. Kada in dawo in yi ta cigiyar amarya.”

A wajenmu matar da mijinta ya yi doguwar tafiya takan rage ado, don kada a ce wa take yi wa. Ni ban rage ba. Da safe in na yi wanka sai in sa kwalli, in goga fure, sannan in je in durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta, kaina a ƙasa kamar yadda ake yi wa suruka. Da la'asar kuma, lokacin da motar Kano take shigowa tasha tana ham, sai in shafa hoda da jan baki in zauna a rumfata ina tsintar wake ko wani abu da ba zai ɓata hannu ba. In motar ta sauke mutane aka ɗan jima ba a yi sallama a zaure ba, sai in tashi in ɗora tuwo. An yi ta yi mini tsiya a kan haka, amma tsiyar wasa ce, ni ma ina ramawa.

Ana cikin damina, gero ya fara fitar da kai, wani mutumin Gwiwa ya yi sallama. Soja ne da aka sallamo saboda ƙafarsa, yana dogara sanda. Ya ce tare suke da maigidana. Yaya ya zaunar da shi a zaure, mu mata muka taru a bayan ƙofa muna saurare, Inna a tsaye a gabanmu.

Mutumin ya ce, “Muna ƙetare wani babban kogi ne a kwalekwale aka buɗe mana wuta. Yana gabana. Na ga ya faɗa ruwa, ban ga ya fito ba.”

Yaya ya ce, “Ka ga gawarsa?”

“Ranka ya daɗe, ranar ba wanda ya tsaya duba wani. Ban gani ba. Amma ruwan can ba irin namu ba ne.”

Matar Yaya ta hau salati. Inna ta juya ta ratsa ta tsakaninmu, ta shiga ɗakinta ta saki asabari.

Washegari matar Yaya ta shigo mini da wani tsohon zane marar ado da 'yar wuƙa. Haka ake yi a lokacin: mai takaba takan tsefe kanta, ta ajiye kwalli da lalle da turare da duk wani abin wuya ko na hannu, ta ɗaura tsohon zane, ta riƙa yawo da 'yar wuƙa a hannu, har wata huɗu da kwana goma. Duk wanda ya ga fuskarta ya san mijinta ya mutu, ba sai ya tambaya ba. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, tana kuka take miƙo mini kayan. Na ce ta mayar.

Ta ce, “Amarya, ki ji tsoron Allah.”

Na ce, “Tsoronsa nake ji. Gani ya kori ji, to shi wanda ya kawo labarin ma bai gani ba. Mutumin da ya tashi yana iyo a tafkunan garin nan tun yana yaro, don ya faɗa ruwa sai in binne shi da fuskata?”

Ta fita da kayan. Ni kuma na jawo tanduna na sa kwalli, har tsinken ya tsone mini ido. Na goga fure, na je na durƙusa a ƙofar Inna.

Tun da aka kawo ni gidan, gaisuwarmu ba ta wuce kalma biyu, ita tana kallon gefe ni ina kallon ƙasa. Ranar kuwa da na gama gaishe ta sai ta ce, “Ɗago kanki.” Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita. Na ɗago, ta kafe ni da ido, ta dubi kwallin, ta dubi haƙorana, ta daɗe tana duba har gwiwoyina suka fara ciwo a kan daɓe. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Can ta ce, “Je ki.” Na tashi na tafi ina jiran a aiko a ce in tattara kayana, ba a aiko ba. Daga ranar kullum haka take yi mini, ɗago kanki, je ki, kuma na tabbata a raina horo ne. Na fi son ta zage ni ko ta ɗaga hannu a kan wannan kallon.

Yaya ya kai maganar wurin limamin unguwa yana tsammanin za a tanƙwara ni. Liman ya ce maganar mutum ɗaya wanda bai ga gawa ba ba ta wajabta wa mace takaba, in ana son a yanke sai a je gaban alƙali. Yaya bai so zuwa gaban alƙali a kan ƙaninsa ba, ya ce abin gida a gida ake gama shi. Sai maganar ta tsaya a rataye, ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma ce ba a yi rashi ba.

Mutane kuwa ba su jira kowa ba. Labari ya kai Roni, ya kai Babura inda dangin Inna suke, mata suka fara zuwa gaisuwa da ƙwaryar gero a ka. Su shiga wurin Inna su ce ya haƙuri, ta amsa musu da “Sannunku da zuwa” kawai. Su fito su nemi matar mamaci, sai su tarar da ni a rumfa ido baƙi wuluk da kwalli, haƙori ja. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, “Wannan ce? To, in ba ƙira me ya ci gawayi?” Na san abin da take nufi, kowa ma ya sani: wai akwai wanda nake yi wa. Kafin mako ya zagayo an nemo mini samari har uku a bakin mutane, ciki har da direban motar Kano, wanda ko kamanninsa ban sani ba, hon ɗinsa kaɗai na sani.

Mai kitsona ta aiko cewa hannunta yana ciwo, ciwon da bai hana ta yi wa maƙwabta ba. Yarinyar da ke kawo tallar fure ta daina leƙo sashena, sai in ji muryarta ta wuce ta bayan katanga. Aka yi suna a gidan da ke jikin namu ba a gaya mini ba. Na koyi kama kaina da kaina a gaban madubi, kitson ya fito a karkace, na rufe shi da ɗankwali. Ɗan kolin da nake sayen dutsen kwalli a wurinsa ya taɓa ce mini daga can Kudu ake haƙo shi, wajen da ake yaƙin, shi ya sa ya yi wuya. Ban san ko gaskiya ne ba, amma daga nan duk sanda na ɗora shi a dutsen niƙa sai na tsaya ina jujjuya shi a hannu.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka jaruma ce ni. Tsoro nake ji, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Da yamma in an kunna rediyon Yaya ana karanto gaisuwar sojoji ga iyalansu, nakan laɓe a jikin katangar sashensu ina saurare, in ji an gaida mutanen Gumel, an gaida na Daura, ba a zo kanmu ba. Abin da na sani kawai shi ne ranar da na wanke fuskata, ranar ya mutu, kuma ni ce na faɗa. Bakin kowa ya faɗa, fuskata ce kaɗai ba ta faɗa ba.

Da aka yanke gero, Yaya ya zo da kansa. Wan miji ba ya shiga ɗakin matar ƙani, don haka ya tsaya a waje ya yi gyaran murya, ni ina ciki a bayan asabari.

Ya ce, “Amarya, ba zuwa na yi in yi miki faɗa ba. Ƙanina ne, a kafaɗata na yi ta ɗaukarsa. Amma mamaci yana da haƙƙin a yi masa addu'a da sadaka, mun hana shi. Ke kuma yarinya ce, ba ɗa ba jika, in kin yi takabarki kin fita, Allah ya ba ki wani. A haka ba ki da aure ba ki da sakin aure, ga bakin mutane a kanki. Ranar Juma'a zan tara jama'a a yi masa sadaka. Ina so a wayi gari kin shiga takaba. In ba za ki iya ba, sai ki koma Roni ki yi kwalliyarki a can, don ba za a yi addu'ar mamaci a ƙofar gida matarsa tana ciki da jan baki ba.”

Na ce, “Na ji, Yaya.” Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya a maganarsa, kuma muryarsa tana rawa yake yin ta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Iya daga Roni, Yaya ne ya aika mata. Ba ta ko sha ruwan kirki ba ta ja ni ɗaki. Na shirya mata amsa a kan bakin mutane, na shirya a kan maganar liman, na shirya har a kan komawa Roni, don na riga na ƙulla a raina gara in tafi da in wanke. Ba ta bi ta ko ɗaya ba.

Ta ce, “Ke, ba ki da tausayi ne? Ni ban damu da abin da 'yan gari ke faɗa ba, bakinsu ne. Tsohuwar nan nake ji. Na shiga na gaishe ta yanzu, ta zama ƙashi da fata. Autanta ne fa. Kullum gari ya waye ki je gabanta ido ya sha kwalli kamar mai zuwa biki, ita ɗanta yana ƙarƙashin ruwa. Kin hana ta ta yi kukanta ta huta. In ke ce aka yi wa haka, ya za ki ji?”

Na tuna kallon nan na kowace safiya, da yadda zanen Inna ya fara yi mata yawa, da ƙwaryar furarta da ake fitowa da ita kamar yadda aka kai. Duk taurin kan da nake taƙama da shi ya zube. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, har na kasa haɗa ido da Iya. Na ce ta yi abin da ta ga ya dace.

Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai. Ta cire mini 'yan kunne da murjani da warwaro ta ƙulle a ɗankwali, ta haɗa da tanduna da gwangwanin hoda da jan bakin, ta tura can ƙasan kayanta. Ta kawo ruwan ɗumi da sabulun salo ta wanke mini fuska da hannunta, kamar lokacin da nake yarinya. Kwalli ba ya fita da wanki ɗaya, sai da ta maimaita. Jan haƙori kuwa aka bi shi da gawayi da asuwaki har dasashina ya yi jini. Muna cikin haka motar Kano ta yi ham a tasha. Jikina ya zabura zai tashi da kansa, Iya ta danna kafaɗata na koma na zauna.

Safiyar Juma'a tun da sassafe an hura wuta a tsakar gida, maƙwabta sun shigo ana tuyar waina, ana dakan gumba. A waje ina jin ana shimfiɗa tabarmi, muryoyin maza suna ƙaruwa. Na ɗaura tsohon zanen, matar Yaya ta sa mini 'yar wuƙar a hannu. Da na fito, wata daga matan da ke bakin murhu ta ce a hankali, “Yanzu kika yi hankali, Allah ya ba ki haƙuri.” Ban kula ta ba. Tsakanin ɗakina da na Inna ba nisa, amma ranar sai da na tsaya a jikin rijiya na huta.

Na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana.”

Ta amsa daga kan gadonta, sannan ta ce, “Ɗago kanki.”

Na ɗago. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarta, ko ta ce Allah ya yi miki albarka. Sai na ga leɓenta na ƙasa ya kama rawa. Ta dubi idona, ta dubi kaina, ta dubi wuƙar da ke hannuna. Ta dafa gado za ta tashi, hannun ya ƙi ɗaukarta, ta koma ta zauna.

Ta ce, “Wa ya zo?” Muryar ba tata ba ce. “An kawo wani labari ne aka ɓoye mini?”

Na ce, “Babu wanda ya zo, Inna.”

“To wa ya ce ki wanke?”

Na ce, “An ce ina ƙona miki rai.”

Ta sake duban fuskata. Sannan ta ce, “Shigo. Saki asabarin.”

Ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba sai ranar. Ta nuna mini gabanta na durƙusa. Ta karɓi wuƙar daga hannuna ta tura ƙarƙashin gado. Ta jawo wani tsohon lefe ta tona har ƙasa, ta fito da tandu wanda fatarsa ta yi baƙi don tsufa, ta buga shi a tafin hannu don kwallin ya saki. Suruka ba ta taɓa fuskar matar ɗanta, ko abinci ba ma ci a gaban juna. Amma ta kama haɓata da hannun hagu ta ɗaga, ta lakato kwallin da tsinke, ta ja mini a ido. Layin ya fita har gefen kunci, hawayena kuma suna wanke shi tana sake ja.

Ta ce, “Tsaya mana, kina ɓata mini aiki.” Da ta gama ta riƙe fuskata ta juya ta wajen haske ta duba. Ta ce, “Duk gidan nan in na dubi fuskar mutum sai in ga kabari. Taki kaɗai nake dubawa in iya haɗiye ruwa.”

Ta aika a kira Yaya. Ya shigo tsakar gida da babbar rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa a bakin ƙofa, mata duk sun bar abin da suke yi. Inna ta ɗaga asabari da kanta yadda zai gan ni a bayanta. Na ga idonsa ya sauka a kan kwallin, fuskarsa ta canja.

Ya ce, “Inna, jama'a sun taru.”

Ta ce, “Su ci abinci, sadaka ba ta ɓaci. A yi addu'a Allah ya dawo da matafiyi. Amma kada wanda ya shigo ya ce mini ya haƙuri. Yarinyar nan kuma ba inda za ta, ni na sa mata da hannuna. Wanda zai wanke shi ya fara kawo mini gawar ɗana in gani.”

Yaya ya daɗe a durƙushe, kansa a ƙasa. Na ga jijiyar wuyansa tana motsi, na tabbata zai yi musu, ga mutane cike da ƙofar gida ya tara su da bakinsa. Can ya ce, “To, Inna,” ya tashi ya fita yana share ido da hannun riga. Iya ta koma Roni a ranar da yamma. Kafin ta tafi ta kwance ƙullin kayana ta ajiye mini a kan gado.

Yaƙi ya ƙare. Sojoji suka yi ta dawowa, wasu da rediyo a kafaɗa, wasu da hannu ɗaya. Na garin Kanya Babba ya dawo, na Achilafiya ya dawo, namu bai dawo ba. Ba zan iya cewa ga ranar da na sallama a zuciyata ba, abin ya zo ne a hankali, har wata la'asar na lura motar Kano ta yi ham ban ko ɗaga kai daga tankaɗe ba. Amma kwallin safe ban fasa ba, kuma da tandun Inna nake sawa, don ta bar mini shi. Akwai ranakun da na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Sa'o'ina suna goyo na biyu da na uku, gari yana canjawa, an fara zuba kwalta, an sauya kuɗi zuwa naira, ni ina nan ina yi wa tsohuwa ado. Sai dai in na tuna yadda hannunta ya ƙi ɗaukarta a kan gadon nan, sai in jawo tandun. Da idonta ya yi rauni, takan jawo ni bakin ƙofa ta kusanto da fuskata dab da tata kafin ta ce je ki.

A ciwonta na ƙarshe ni nake jinyarta. Wata safiya na kawo mata kunu, na durƙusa, na ɗago kai tun ba ta ce ba. Ta shafa gefen idona da babban yatsa, ta kai yatsan kusa da idonta ta duba baƙin.

Ta ce, “Amarya, in an fita da ni ki wanke fuskarki. Ki ce wa yayanku ya je wurin alƙali.”

Na ce, “Inna, ai ba mu ga—”

Ta ce, “Na sani tun ranar da mutumin Gwiwa ya zo. Ni na haife shi, a jikina na ji. Gani ne ba na so in yi. Ki yafe mini shekarunki.”

Ba ta kai Juma'ar da ta biyo ba. Da maza suka ɗauke ta suka fita, gidan ya cika da mata ana ta koke-koke, sai na ɗebi ruwa a randa na zagaya bayan ɗaki ni kaɗai. Na wanke, na sake wankewa, don na san ba ya fita da wanki ɗaya. Da na fito, matar Yaya ta dube ni ta fashe da sabon kuka, matan da ke zaune suka juyo ɗaya bayan ɗaya suna ce mini ya haƙuri. A ranar na fara amsawa.